Hancin Gyare

A shekarun da farashin uraniyom ya faɗi warwas, aka riƙa sallamar ma'aikata a Arlit rukuni-rukuni, atilye, wato ɗakin kula da na'urorin awo na kamfani, ya tashi daga mutum tara ya koma mutum biyu. Akwai Baba Abraham, mutumin Damagaram, wanda ya tsufa yana leƙen cikin na'ura har idonsa ɗaya ya saba da zama a kanne. Sai kuma Keziya, 'yar Maraɗi, wadda da tsintsiya aka ɗauke ta aiki. Baba Abraham ne ya lura hannunta ba ya rawa, ya karɓe tsintsiyar ya ba ta buroshi mai laushi da auduga. Da aka zo rage mutane, masu manyan takardun lekol, wato boko, suka tafi, ita aka manta da ita a kan kujerarta, ita kuwa ba ta tuna wa kowa ba.

Duk na'urar da ta fita aiki, in ta dawo sai ta bi ta teburin Keziya. Ta cire mata pil, wato batura, kada su daɗe a ciki su yi amai su cinye ƙarfe, ta goge bakunan waya da auduga da alkol, ta bi lungu-lungu da buroshi tana zaƙulo yashi, ta hure da 'yar robar hura iska, ba da baki ba, domin numfashin mutum akwai laima. Sannan ta gwada, ta manna 'yar takarda mai kwanan wata. Yawancin na'urorin lafiyarsu lau, kuma abin da mutane suka kasa ganewa ke nan. Har a coci an taɓa tambayarta me ya sa ake biyan mutum ya yi jinyar mai lafiya. Ta ce haka ake yi don kada ya kwanta, aka yi dariya aka bar ta.

Wadda ta fi so a cikinsu ita ce mai auna tururin da dutsen uraniyom ke fitarwa, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙa. 'Yar akwati ce mai allura, da wani bututu a ƙarshen waya wanda ake kira hanci. Ma'aikata suna ce wa abin gyare, saboda kukansa. A wuri mai tsabta yakan yi ƙis, ya huta, ya sake ƙis, domin babu inda ba ya yin wannan, a Arlit ne ko a Maraɗi. In ya kusanci abin da ya gurɓata kuwa, sai ya ɓarke da kuka ba numfashi. Irin wannan abu ma'aikata suna cewa yana da zafi, ko da ya fi randa sanyi.

Mijin Keziya, Sila, uban ɗiyarta Liya, yana cikin waɗanda aka sallama. Bai zauna ya yi tagumi ba. Ya haƙa rami a bayan gida ya kafa zugazugi, yana sayen matattun fistan da fasassun kawunan inji a tasha, ya narka ya zuba tukwane. Cikin shekara biyu rabin unguwa a tukunyar Sila ake tuwo. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa wata tanda ce mai gurbi goma sha biyu da ya zuba wa maƙwabciyarsu Larai, Bakatsiniya mai sayar da masa a bakin hanyar da motocin ma'aikata ke tsayawa. Mijin Larai, Ɗanjuma, direban babbar mota ne, kuma tun da tawaye ya sa ba a bin hanyar Agadas sai cikin ayari da rakiyar soja, in ya tafi sai ya yi wata bai dawo ba. Da wannan tanda Larai ke riƙe da 'ya'ya huɗu.

Ranar wata Talata Keziya ta dawo cin abincin rana ta tarar da Larai zaune a ƙofar gidansu, ga ƙullu cike da roba ya yi tsami yana kumfa, ga tanda a kife a gefe.

"Yaya Larai, lahiya? Mi ya hwaru?"

Larai ta kwashe labari ta gaya mata. Ashe da safe Muktari ne ya tsaya cin masa. Muktari mai awo ne a sashen kariya, ɗan Tawa, mutum mai son a gan shi da kayan aiki, wanda ko ɗaurin aure zai je sai ya rataya gyarensa a kafaɗa. Yana jiran a kwashe masa masa, don neman magana sai ya zaro hancin gyare ya miƙa wajen tanda. Gyare ya ɓarke da kuka. Muktari ya ja da baya ya ce tandar nan tana da zafi.

"Ni kuwa na ce mashi, to da wuta a ƙarƙashinta mi kake so ta yi, sanyi?" in ji Larai. "Kowa ya yi dariya. Sai na ga masu aikin rami ba su dariya. Ɗaya ya tofar da wadda ke bakinshi. Kafin hantsi ko kare bai tsaya wurina ba."

Ta riƙo zanen Keziya.

"Ke kin san abin nan. Ki gaya mani tsakaninki da Allah. Shekara biyu 'ya'yana suna cin ƙanzon tandar nan kullum sahe."

Keziya ta dubi tandar da ke kife. Ta so ta ce ƙarya ne, amma ba ta sani ba, kuma ba ta saba faɗin abin da ba ta auna ba. Ta ce wa Larai ta ba ta kwana biyu.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa, ya yi 'ya'ya a hanya. An ce Sila daga ramin haƙa yake sato ƙarfe. An ce wata mata a Akokan, garin ma'aikata da ke kusa, gashinta ya zube saboda tukunyarsa, alhali matar tun tana budurwa haka kanta yake. Mata uku suka aiko da tukwanensu aka jibge a ƙofar gida ba ko sallama. Da Keziya ta tashi daga aiki ta sami Sila zaune kusa da ramin zubi, wuta a kashe.

"Baban Liya, ka tabbata duk ƙarhen ga na tasha ne?"

Sila ya juyo ya dube ta.

"Bara wani mutum ya kawo mani buhu guda," ya ce. "Gutsattsarin bututu ne. Da arha ya ba ni, ban tambaye shi inda ya samo ba. Na haɗa na narke. Ban san cikin tukunyar wa ya shiga ba." Ya dubi tukwanen da aka dawo da su. "Gida arba'in da ɗaya, Uwar Liya. Na ƙidaya. Da yaransu."

Ba ta taɓa ganin tsoro a fuskarsa haka ba, ko ranar da aka miƙa masa takardar sallama. Ita ma tsoron take ji, don haka ta tashi ta dafa tuwo a tsohuwar tukunyar ƙasa, suka ci.

Washegari tana shiga atilye ta wuce kai tsaye wajen allon bango inda suke rubuta ranar da kowace na'ura ta zo wanka. Ta bi da yatsa har gyare mai lamba bakwai, na Muktari. Ƙa'ida duk mako ne. Rabonsa da teburinta mako bakwai.

"Baba, zo ka gani."

Baba Abraham ya kanne ido ya duba, ya yi tsaki. Ya ce ai ya aika masa sau uku, kullum amsa ɗaya ce, wai gyarensa lafiyarsa lau, ba ya son a kwance masa shi a ɓata masa saiti. Da Keziya ta ba shi labarin tanda, tsoho ya ce abu mai sauƙi, su ɗauki wani gyare mai tsabta daga kanta su je su auna.

"A'a, Baba. In muka kai wani, za su ce matar Sila ta zaɓo kurma. Wanda ya yi kukan, shi za ya sake magana, gaban waɗanda suka ji shi."

"In kika wanke shi ya sake kuka fa?"

"Sai mu bi gida-gida mu karɓo tukwane a kai inda ake binne irinsu."

Tsoho ya dube ta da idanu biyu a buɗe, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya ɗauki tarho ya nemi izinin shef, wato shugabansu a kamfani, sannan ya aika wa Muktari cewa gobe da safe shef yana so ya ga abin da idonsa a bakin hanya. Muktari ya ji daɗi ƙwarai, har guga ya sa aka yi wa rigar aikinsa.

Ranar Alhamis tun da sassafe wurin Larai ya cika fiye da ranar da masarta ta fi kasuwa. Ga ma'aikata masu jiran mota, ga matan unguwa, ga makiyayan da fari ya cinye musu dabbobi suka yada zango a bakin gari. Shef na tsaye a gefe tare da Baba Abraham da Keziya. Tanda na ajiye a kan duwatsun murhu ba wuta. Larai na tsaye da 'ya'yanta a bayanta. Sila ya raɓe can nesa jikin wata katanga.

Muktari ya zaro hancin gyare daga cikin wata tsohuwar safar hannu da yake naɗe shi, ya kunna, ya miƙa wajen tanda. Gyare ya ɓarke da kuka. Mutane suka ja baya, wata mata ta yi salati.

"Kun ji ko?" in ji Muktari. "Shef, ka ji da kunnenka. Ni ban da gaba da kowa. Mashin ba ya ƙarya."

"Gaskiya ne, Malam Muktari," in ji Keziya. "Don Allah ɗan miƙa shi wajen benci."

Ya miƙa yana murmushi. Gyare bai fasa kuka ba.

"To, benci ya daɗe kusa da tandar," ya ce.

"Haka ne. Ɗaga shi sama."

Ya ɗaga hanci ya nuna sararin sama, inda ko girgije ɗaya ba a gani ba shekara biyu. Gyare na ta tsala kuka. Wani daga baya ya ce ashe shi ya sa ruwa ya ƙi sauka. Aka fara ƙyalƙyalewa ƙasa-ƙasa.

Tsoho Ghissa, Buzun da ya rasa raƙumansa ya koma gadin wani kanti, ya matso ya sunkuyar da kai ya ce a auna rawaninsa. Aka auna, gyare ya yi kuka. Ya miƙo butar shayinsa, ya yi kuka. Ghissa ya gyara amawali ya girgiza kai.

"Wannan abu, kowa ya gani sai ya yi kuka," ya ce. "Matata ma haka yake."

Nan fa wuri ya ɓarke da dariya. Har Larai sai da ta rufe baki da gefen mayafi. Wani direba ya kamo hannun Muktari ya juya hancin zuwa tumbin Muktarin kansa, gyare ya ƙara ƙaimi, aka ce lallai masar da ya ci shekaranjiya ce ba ta narke ba. Muktari ya yi ta zufa yana cewa a dakata, a dakata, wataƙila pil ne.

Keziya ba ta yi dariya ba. Ta shimfiɗa leda a kan benci, ta sa safar roba, ta karɓi gyaren ta kashe shi. Ta kwance 'yar ragar ƙarfen da ke bakin hancin ta ɗaga ta a rana don kowa ya gani. Ramukan ragar duk sun toshe da busasshen taɓo mai ruwan toka.

"Wanga taɓon ramin Akokan ne," ta ce. "Can ƙasa inda ruwa ke ɗiga. Mako bakwai gyaren ga yana yawo da shi a hanci. Dauɗar kanshi yake shaƙa yana kuka."

Safar da Muktari ke naɗe shi a ciki ma da ita yake shiga rami. Baba Abraham ya ɗauke ta da ɗan awartaki ya jefa a jakar leda ya ƙulle. Keziya ta zauna ta yi aikinta kamar tana atilye, ba gaggawa. Ta jiƙa auduga ta bi ragar rami-rami, ta canja auduga, ta sake bi. Ta goge bututun a hankali, don fatar bakinsa ba ta kai ta albasa kauri ba. Ta bi wayar daga wannan kai zuwa wancan, ta goge akwati, ta buɗe gidan pil ta kankare wani koren tsatsa da ya fara tsirowa. Duk audugar da ta yi datti cikin jaka take zuwa. Motar ma'aikata ta zo ta yi oda har sau uku, ba wanda ya motsa, ƙarshe direban ya kashe inji ya sauko.

Da ta gama ta mayar da raga ta kunna. Gyare ya yi ƙis. Ya huta. Ya sake ƙis.

"Ta kashe shi!" in ji Muktari. "Ta kurmantar da shi, wallahi!"

Baba Abraham dama jiran wannan yake. Ya fito da wani ɗan gwangwani mai nauyi daga jakarsa, ya buɗe murfi. A ciki akwai ɗan ƙarfe kamar kwabo wanda ake gwada gyare da shi. Keziya ta kawo hanci kusa, gyare ya tsandara ihu har yara suka toshe kunne, allura ta tsaya daidai inda aka yi mata alama. Tsoho ya rufe gwangwani, gyare ya koma ƙis ɗinsa.

"Kunnensa garau," in ji Baba Abraham. "Yanzu abin da ya faɗa shi ne."

Kowa ya gane wasa ya ƙare. Keziya ta miƙe ta nufi tanda.  Ta tuna buhun bututun nan. Ta yi addu'a gajera a zuci, ta sa hanci a gurbin farko.

Ƙis. Shiru. Ƙis.

Ta wuce na biyu, ta tsaya ta ƙirga numfashi goma. Na uku. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, har goma sha biyu. Ta sa aka kife tandar ta bi bayanta, ta bi hannayenta biyu. Allura ba ta ko ɗaga kai ba.

"Tsab take," ta ce. "Yaya Larai, tandarki tsab take."

Larai ta rangaɗa guɗar da ba a ji irinta ba tun bikin ƙanwarta. Ta rungume 'ya'yanta huɗu gaba ɗaya, ta sake su ta rungume Keziya da safar roba da komai, tana kuka tana dariya. Ghissa ya ce a hura wuta, shi yunwa yake ji tun Talata. Wata maƙwabciya ta ruga ta kawo ƙullun da ta kwaɓa don gidanta. Muktari ya so ya sulale, Larai ta tare shi ta ce ba inda za shi, shi zai fara ci, kuma guda goma. Ya zauna ya ci, kunya ta ishe shi, yana ci yana rantsuwa daga yau duk Litinin gyarensa na teburin Madam Keziya.

Keziya ta ɗauka an gama. Tana haɗa kaya sai ta ɗaga kai ta hango mata sun ɓullo ta kowane lungu, kowace da tukunya a ka, wasu da ragowar tuwon jiya a ciki. Ta dubi Baba Abraham. Tsoho ya riga ya sami wuri a benci da masa a hannu.

"Atilye ba zai gudu ba," ya ce. "Auna."

Aka jera tukwane a bakin hanya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ciki da baya da murfi. Duk wadda aka ce tata lafiya sai ta yi guɗa ta ɗauka tana rawa. Matan nan uku da suka jibge nasu a ƙofar gida suka zo suna sunne kai, ta auna musu kamar kowa. Gidajen da ba su zo ba aka aika aka kira su. Rana ta take sosai kafin ta kai ta ƙarshe, ta arba'in da ɗaya. Ita ma shiru.

Sai a lokacin Sila ya baro jikin katanga. Mutane suka buɗa masa hanya, wasu na yi masa barka, wasu na neman gafara, wani ma har yana cewa a zuba masa babbar tukunya ta suna. Bai kula kowa ba. Ya zo gaban matarsa ya tsaya, ya miƙa mata hannayensa biyu, tafin a sama, duk tabon ƙuna.

"Saura waɗannan," ya ce a hankali. "Su suka taɓa buhun. Kwana biyu ban ɗauki Liya ba."

Ba ta san haka ba. Ta ga dai yana kauce wa yarinyar, ta ɗauka ɓacin rai ne. Hawaye suka cika mata ido har allura ta dushe mata, ta share da kafaɗa. Ta bi tafin dama da hancin gyare, ta bi tsakanin yatsu, ta juya bayan hannun. Ta yi wa na hagu haka. Ta daɗe fiye da yadda aikin ke bukata.

"Je ka ɗauki ɗiyarka," ta ce.

Sila ya juya. Da farko tafiya yake kamar kowane magidanci a gaban jama'a, amma kafin ya kai kwanar gidansu gudu yake yi.